Sunaye Ashirin da Uku na Unguwar Banda

Masu karatu, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau ban taɓa faɗar shi daki-daki ba, domin akwai wuraren da ni ma ban fita da tsarki ba.

Ni ce Ma'u, ɗiyar Kabo mai kamiyo, manyan motocin nan na ɗaukar kaya, haifaffiyar Gaya. A shekarar da nake magana ƙasarmu na da shekara uku da samun mulkin kai, ni kuwa ina da goma sha takwas, ina makarantar horon malamai ta ƴan mata a Tillaberi. Ina ji da kaina, ba zan ɓoye muku ba. Ƴan matan garinmu da suka yi lakwal, wato makarantar boko, har suka kai inda na kai ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. In na sa siket ɗina shuɗi da farar riga na ratsa kasuwa, tafiya nake kamar da kuɗin ubana aka gina gadar kogi.

Ga kuma Alfari. Komi ne, wato akawu, a wani biro, ofishin gwamnati ke nan, dogo, baƙi mai sheƙi, kullum da alƙalami biyu a aljihun farar rigarsa, ga mobilet ja, irin ƙaramin babur ɗin nan, wadda duk unguwa ta san kukanta. Ba wanda ya tilasta mini shi, ni na gani na ce ina so. Danginsa sun kawo akwatin kaya: atamfa turmi shida, takalmi mai tsini, turare, da sarƙar azurfa. An ajiye maganar biki sai na karɓi takardar fita daga makaranta. Ku ƴan yanzu kuna da waya, mu wasiƙa muke jira, kuma Alfari ya iya wasiƙa. Takarda ɗaya sai in karanta ta sau goma har ta yage a wurin ninki.

Da za mu tafi dogon hutun damina, shugabar makarantarmu ta tara mu ta ce ana neman masu sa kai su koya wa matan garuruwansu karatu. Ba dole, ba biya. Wadda ta yi ta riƙe kaye, wato littafin rubutu, ta rubuta sunan kowace mace da garin da aka haife ta, ta ci gaba a hutun Disamba, sannan ta kawo a duba mata ranar jarrabawar fita. Ni na fara ɗaga hannu. Ba don tausayin kowa ba, don a ce Ma'u ce ta fara.

Ranar da Mushe Sule, wato Malam Sule da Faransanci, shugaban lakwal ɗin Gaya, ya raba mana unguwanni, na tsaya wajen tela ina faɗa a kan wuyan riga. Ko da na iso ƙawata Zalika ta ɗauki unguwar kasuwa, sauran sun kwashe na kusa.

"Saura ɗaya," in ji Mushe Sule, bai ko ɗago kai ba. "Unguwar Banda."

Unguwar Banda tana can gangaren kogi, inda ake bandar kifi. A cikin gari Unguwar Banza muke ce mata. Tun ina yarinya nake jin cewa mutanen can tarkace ne, kowa da inda ya fito, ba a san asalinsu ba. Wai suna yi wa aljanun ruwa yanka, wai in yaro ya ɓata a can za a nemo shi. Shekarata goma sha takwas a Gaya, ƙafata ba ta taɓa taka wurin ba.

"Mushe, ba wata?"

"Babu. In ba ki iyawa ki faɗa, in rubuta cewa ɗiyar Kabo ta fasa."

Wannan maganar ce ta kai ni. Na ce a rubuta sunana.

Inna tana tankaɗe na faɗa mata. Ta saki rariya.

"Ina? Ke da aka kawo wa kaya? In dangin Alfari suka ji kina shiga can fa?"

"Aikin makaranta ne, Inna."

"Makarantar ta rasa inda za ta aike ki sai cikin matsafa?"

Baba yana hanyar Paraku, can ƙasar Dahome, da lodin gyaɗa, ba wanda zai raba mu. Da ta ga na kafe, ta ɗaura mini laya a ƙugu ta ce, "Kada ki sha ruwansu. Kada ki ci abincinsu. Kada ki bari a taɓa miki gashi." Shi kuwa Alfari da ya zo zance da la'asar dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Madmazel za ta koya wa kifi abacada! Ki je, kwana uku na ba ki."

Na tafi ran Litinin da hantsi, da farin takalmi, da alli cikin gwangwani, da hankici jiƙe da turare a hancina. Hayaƙi ne ya fara tarbata. Murahun laka jere, kowane da raga a kai, tarwaɗa da karfasa a nannaɗe suna tsiyayar mai. A bakin hanya na ga sanduna kafe da jajayen tsummoki a kansu. Na ce a raina, ga tsafin nan tun daga ƙofa, na yi ta karanta duk addu'ar da na sani.

Na sami inuwar wani itacen ƙirya, na jingina allo, na tsaya. Mata suna wucewa da kwanduna, su dube ni, su dubi takalmina, su wuce. Har azahar ba wadda ta zauna. Talata haka. Laraba haka, har da ruwan sama da ya mayar mini da alli kunu.

Ran Alhamis wata tsohuwa ta taso daga bakin murhunta ta nufo ni. Gajeriya ce, da tsage a kumatu, zanenta baƙi ya koɗe, idanunta jajaye saboda hayaƙi. Ita ce Iya Bake, wadda duk matan unguwar ke jin maganarta.

"Fofo, sannu ƴar lakwal. Kwana huɗu kina gadin itacen nan. Wani ya ce zai sace shi?"

"Karatu na zo koya muku, Iya."

"To. Da hanci a toshe?"

Na sauke hankicin, kunya kamar in nutse.

"Ki duba can," ta nuna murahun. "In mace ta bar wutar nan ta zo ta zauna gabanki, kifinta ya ƙone, me ƴaƴanta za su ci? Karatun? In da gaske kike, ki zo inda muke. In kuwa so kike a gan ki, an gan ki, ki koma gida."

Wallahi na so in koma. Amma na tuna dariyar Alfari da kwana ukunsa. Na ɗauki allona na bi ta.

Allon bai yi amfani ba, hayaƙi ya hana a gani. Kadi, wata doguwar mace mai baki kamar reza, ita ta miƙo mini gawayi ta ce in rubuta a jikin murhu. Na rubuta baƙi na farko a bangon laka mai ɗumi, idona na zubar da ruwa, su kuma suna ta dariya wai Malama tana kukan an raba ta da takalmi. Na fara da abin da aka koya mana, Kadi ta tare ni.

"Malama, bar wannan waƙar. Ni sunana nake so. Kwandona in ya hau kamiyon Dosso sai ya dawo a hannun wata, a yi ta rantse-rantse. Ki nuna mini yadda zan sa masa suna."

Daga nan karatu ya kama. Kowace mace sunanta take so. Cikin sati biyu kwandunan Unguwar Banda suka fara fita da baƙaƙe a jikinsu, karkatattu, wasu a juye, amma kowa ta san nata. Yalwa, amarya ce mai ciki na fari, ita har a bayan hannunta take rubutawa don kada ya gudu kafin gobe.

Wata rana na yi ƙarfin hali na tambayi Kadi jajayen tsummokin nan na mene ne.

"Waɗanne? Na sanduna? Iyakar inda ruwa ya kai bara ke nan. Don kada baƙo ya zo ya yi bukka a ƙasa da su, kogi ya kwashe shi da ƴaƴansa." Ta kalle ni ta gefen ido. "Me aka ce muku a gari?"

Na ce ba komai. Ta yi dariya har ta buga cinya. Ta sani sarai.

Da azahar ta yi sai in ga sun bar mace ɗaya tana duba wuta, sauran su yi alwala su jera a bayan zana. Waɗanda aka ce mini ba su san alƙibla ba. Duk da haka, masu karatu, sati biyar ina zuwa ban sha ruwansu ba. Kullum Iya Bake ta kawo mini a ƙwarya sabuwa fes, kullum in ce na ƙoshi. Sai ta mayar ta rufe da faifai.

Sai zazzaɓi ya kayar da ni. Kwana huɗu ban fita ba. A na biyar ina kwance a ɗaki na ji sallama a tsakar gida, muryar da na sani. Iya Bake ce, ta hawo tun daga gangare da ƙafa, ta sa zanenta na fita, da kwanon romon giwan ruwa a kanta. Na leƙa ta labule. Inna ba ta shimfiɗa mata tabarma ba. Ta bar ta tsaye a rana, ta ɗebo mata ruwa a tsohon gwangwanin da muke zuba wa kaji.

Iya Bake ta karɓa da hannu biyu, ta sha, ta ce, "Allah ya ba da lada. A gaida Malama, a ce mata murahu sun yi kewarta."

Da ta fita Inna ta ɗauki romon za ta zubar. Na taso da jiri na riƙe kwanon.

"Ma'u, sakar mini!"

Na zauna a ƙasa a gabanta na shanye shi tas, ina kuka. Inna tana ganin zazzaɓi ne ya taɓa mini kai. Ni kuwa na san kaina nake wa kuka, don abin da Inna ta yi da gwangwani shi na yi sati biyar ina yi da baki. Ranar da na koma unguwar, tun kafin in zauna na ce, "Iya, ƙishirwa nake ji." Ta dube ni, ta ɗauko ƙwaryar.

Ran ƙarshe na hutu na kawo kaye mai shuɗin bango. Mace ashirin da uku, kowace ta kama alƙalami da hannunta ta rubuta sunanta a gefen hagu. Iya Bake ta fi kowa daɗewa, baƙi huɗu kacal amma sai da gumi ya keto mata. A gefen dama ni na rubuta garuruwansu kamar yadda aka umarce mu: wannan Tunuga, wannan Argungu, wannan Yelu. Goma sha ɗaya daga tsallaken kogi suke, ƙasar Dahome: Karimama, Malanbil, da Kandi, garin Iya Bake. Da yamma na nuna wa Alfari don in rama dariyarsa. Ya bi shafin da yatsa yana murmushi.

"Kin ci gari, Madmazel. Ga rubutu kamar sawun kaza, amma rubutu ne."

Na kulle kayen a akwatina na koma Tillaberi da farin ciki.

Da na dawo hutun Disamba, Gaya ta canza. Rigima ta ɓarke tsakanin ƙasarmu da Dahome, an ce ma'aikatansu su koma gida. Kullum motoci na sauke mutane a bakin gada, malaman lakwal da ma'aikatan asibiti da matansu, da katifu da tukwane, yara na kuka. Kamiyon Baba biyu suna tsaye a ƙofar gida an rufe su da tamfol. Na ukun yana can tsallake ya maƙale da direbobinsa biyu, ba labari. Baba ya rame, ya daina hira, daga masallaci sai zaure da rediyo a kunne.

Inna ta ba ni wasiƙar da Alfari ya bari. Na buɗe da ɗoki, na tarar da layi uku. "Ma'una, sannu da hanya. Zan zo da la'asar. Ki fito mini da kayen nan naki mai shuɗin bango." Babu ko na yi kewarki.

Na yi wanka, na ɗaura atamfa mai ganyen kuka cikin waɗanda ya kawo, na sa kwalli. Na fito zaure hannu wofi.

"Ina kayen?"

"Me za ka yi da shi, Mushe?"

Ya rage murya. "Ki saurara. Zamani ne na wanda ya nuna ƙwazo. Kowa ya san gangaren nan cike yake da mutanen tsallake, amma ba mai takarda a kansu. Ke kina da ita, suna da gari, a jere. In na ajiye ta a teburin maigidana, kafin azumi an ɗaga ni zuwa Dosso. Gidan siminti, Ma'u. Ke kuma a ba ki aji a can."

"Su kuma fa?"

"Su koma garinsu mana. Kogi ne kawai za su tsallaka."

"Iya Bake ta zo Gaya tun ba a haifi Baba ba."

"Ba ni na rubuta Kandi a gaban sunanta ba. Ke kika rubuta."

Maganar nan ta soke ni, don gaskiya ce. Hannuna ne. Na ce masa ba zan bayar ba. Ya yi murmushin nan nasa da ke kashe mini jiki ya ce in kwana in yi tunani, gobe zai dawo ya gaida Baba.

Kafin magariba Inna ta ji, don shi da kansa ya tsaya ya faɗa mata a ƙofa. Ta same ni ina cire ɗan kunne.

"Takarda ce fa kawai, Ma'u! Ki ba shi. Za ki kashe aurenki saboda masu ƙarnin kifi?"

"Inna, amana suka ba ni."

"Amanar me? Shi ba amana ce tsakaninku ba? An kawo kaya, gari duk ya sani. In ya fasa, wa zai ɗauki ƴar lakwal mai taurin kai? Ki dubi ubanki, motocinsa a tsaye. Yaron nan yana da hanya a biro, gobe shi zai taimake mu."

Na ajiye ɗan kunnen. Gaskiya rabin zuciyata tana bayan Inna. Ina son Alfari. Ina son gidan simintin. Kuma in babu kayen, me zan kai makaranta? Aikin wata uku zai tafi a banza, a ce ɗiyar Kabo ta ɗaga hannu ta dawo da baki kawai.

Da gari ya waye na sa kayen cikin zane na gangara. Unguwar ta yi tsit, rabin murahun ba wuta, tunda ba motar da za ta ɗauki kifi. Yalwa ta haihu, tana zaune da jaririnta a ƙofa. Da suka gan ni suka taso da murna, "Malama ta dawo!" Na kasa murmushi. Na zaunar da su na faɗa musu komai, har da sunan wanda ya nema, har da cewa shi zan aura.

Yalwa ta ƙara matse ɗanta, ita ƴar Karimama ce, mijinta ɗan Gaya.

"Na kawo shi ne mu ƙona," na ce. "Ga wuta nan."

Na miƙa hannu wajen murhu, Iya Bake ta riƙe mini wuyan hannu. Ban san tsohuwar nan na da ƙarfi haka ba.

"Ki ƙona me? Na haura shekara sittin kafin in ga sunana da idona. Yanzu ki sa shi a wuta kamar ƙaya?"

"Iya, in ya shiga hannunsu..."

"Buɗe in gani."

Na buɗe. Ta sa yatsa a kan baƙaƙenta huɗu. "Wannan nawa ne, ni na yi shi." Ta matsar da yatsan dama. "Wannan fa?"

"Kandi."

"Wannan naki ne. Ina goye aka fito da ni daga Kandi, ko hanyar ban sani ba. Mijina yana kwance a bayan ƙiryar can, da ƴaƴana uku. Ki ƙona naki, ki bar mini nawa."

Kadi ba ta jira ba. Ta zaro wuƙar fiɗar kifi, ta goge a zane, ta ɗora kayen a kan turmi. Ta tsaga shafin daga sama har ƙasa, miƙe kamar da ma'auni. Gefen garuruwa ta miƙo mini.

"Malama, ke kika rubuta, ke za ki sa."

Na jefa a murhu, na tsaya har ya zama toka. Sannan Kadi ta yanka gefen sunayen siri-siri, tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kira kowa ba. Kowace mace ta matso ta gane nata ta karɓa. Wata ta ƙulle a bakin zane, wata ta tura cikin ɗankwali. Ashirin da uku, ba wadda ta ɗauki na wata. Ina tsaye ina kallo na ce a raina, ko makaranta ba ta ba ni komai ba, na ga jarrabawata da idona.

"Shi saurayin naki fa?" in ji Iya Bake da zan tafi.

"Ban sani ba, Iya."

"Kada ki rabu da shi saboda mu. In za ki rabu da shi, ya zama saboda ke."

Ko da na iso gida mobilet ja tana ƙofa. Alfari na zaune a zaure gaban Baba, ya cire takalmi, ya naɗe ƙafa. Inna tana bayan ƙyaure, ina ganin gefen zanenta. Na durƙusa na gaida Baba, sannan na ajiye kayen a gaban Alfari. Ya buɗe da sauri. Ya tarar da guntun takarda a jikin zare.

"Mene ne wannan?"

"Masu sunaye sun karɓi abinsu. Garuruwan kuma na ƙona."

Jijiyar goshinsa ta tashi. "Baba, ka gani ko? Ka ga abin da nake faɗa maka?"

Baba ya kashe rediyo. Ya kalli kayen ya ce, "Alfari, in tambaye ka. Takardar nan, an aiko ka ka karɓa ne?"

"Baba, ai ba sai an..."

"An aiko ka?"

"A'a. Ni na ga ya dace."

"To." Baba ya shafa gemu. "Shekara ashirin ina bin hanyar Paraku. Mota ta mutu mini a dajin Kandi ba sau ɗaya ba, mutanen da ban sani ba suka ba ni tuwo da tabarma. Yanzu haka yarana biyu suna can. Tun da aka rufe hanya addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa kada a sami wani mai ƙwazo a can da zai rubuta sunansu ya kai teburin maigidansa."

Alfari ya miƙe ya sa takalmi. Bai kalli Baba ba, ni ya kalla.

"Kin san su duka a ka. Na ba ki zuwa Juma'a ki sake rubuta mini. In ba haka ba, gwaggota za ta zo ta ɗauki kayanmu."

Na ji Inna ta yi salati a bayan ƙyaure. Na tashi na wuce ta, na shiga ɗaki. Na kwance atamfar da ke jikina, tasa ce, na ninke na sa a akwatin, na ɗaura tsohon zanena. Na cire sarƙar azurfa na ɗora a sama. Inna ta riƙe mini hannu tana, "Ma'u, ki rufa mini asiri," na ce ta yi haƙuri. Na ɗauko akwatin a ka na dire shi a gabansa.

"Ba sai an wahalar da Gwaggo ba, Mushe."

Kada ku ɗauka da sauƙi na yi. Da a lokacin ya ce Ma'u na tuba, wallahi da na mayar da akwatin ɗaki da gudu. Na tsaya ina jiran ya faɗa. Ya kalli akwatin, ya kalle ni, idonsa ya kaɗa. Sai ya ce a hankali, "Bake. Kandi. Wannan kam ban manta ba."

Ya fita bai taɓa akwatin ba. Muka ji mobilet ta tashi.

Na jawo gyalena daga igiya. Baba ya ce, "Ina zuwa?"

"Gangare, Baba. Sai na faɗa mata."

"Tsaya." Ya juya wajen ƙyaure inda Inna take. "Balki, a share ɗakin baƙi. Tsohuwar nan za ta kwana biyu a wurinmu har ƙura ta lafa. In akwai mai son ɗaukarta, ya zo ya same ta a gidan Kabo."

Inna ta fito fili, hawaye a fuskarta. "A gidan nan, Malam?"

"A gidan nan."

Ban tsaya jin sauran ba. Na ratsa kasuwa da tsohon zane da silifa, mutane na kallona, ban damu ba. Ina tafe ina shirya yadda zan lallashi Iya Bake, don na san ba za ta so barin murhunta ba. Na wuce masallacin zana, na wuce sandunan, na karya kwanar gidanta.

Mobilet ja tana jingine a jikin danga, injinta bai ko huce ba. Alfari ya riga ni, da me ya zo mata ban sani ba.

Na gyara ɗaurin zanena, na ƙara sauri.